Buhun Yashin da Na Ɗinka wa Malam

Sunana Sa'adatu, amma a unguwarmu nan Daura Sa'ade mai keke ake ce mini, don ɗinki nake yi a cikin gida tun ina amarya. Ba gwanar rubutu ba ce ni. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan, abin da ya sami gwiwar maigidana ne, wanda har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu. Duk wadda mijinta ko mahaifinta ke kukan gwiwa, ta daure ta karanta kafin ta ba shi irin gudummawar da na bayar.

Malam dillalin shanu ne. Shekara talatin da ɗoriya yana tsaye a kara, ranar kasuwar Mai'adua kuwa tun da farar safiya yake fita, ba a ganinsa sai rana ta yi ja. Mutum ne mai jiki. Tsawon dai halitta ce, tumbin kuwa tuwona ne, ba zan yi musu ba. Gwiwarsa ta dama ta daɗe tana ƙara in zai tashi daga tabarma, ƙas, ƙas, mu ce sanyi ne. In ta matsa masa sai in ɗumama man kaɗe in murza masa, gari ya waye ya saka babbar rigarsa ya fice. Haka muke zaune da ita lafiya, ba ta taɓa hana shi kasuwa ba, ba ta taɓa hana shi sujada ba.

Sai shekarar da Allah ya nufe shi da kujerar Hajji. Ranar da ya shigo da takardar a hannu ko zama ya kasa yi. Dole in gaya muku dalili. Mahaifinsa, Allah ya jiƙan rai, da ƙafa ya je Makka. Daga Daura ya bi ta Barno ya faɗa Sudan, yana tafe yana tsayawa yana ƙwadago, sai da ya shekara huɗu kafin ya dawo gida. Da wannan labari Malam ya tashi a kunnensa, musamman yadda tsohon ya hau dutsen Safa ya gangaro da gudu ya hau na Marwa, sau bakwai, cikin rana, tsakuwa na sukar tafin ƙafarsa. Ni kaina na ji labarin nan a bakin Malam ya fi sau ɗari.

Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina ya ce, "Sa'ade, ubana ya taka daga nan har Makka, ni kuwa jirgi zai kai ni. To wallahi tallahi in na isa, babu ɗan da zai tura ni a keken guragu kamar buhun gero. Da ƙafata zan yi ɗawafi, da ƙafata zan hau Safa da Marwa."

Na ce, "Malam, har da rantsuwa?"

Ya ce, "Har da ita."

Ni kuwa, maimakon in ce ya yi a hankali, sai na rangaɗa guɗa. Wata biyar ya rage a tashi a lokacin.

A wurin bitar maniyyata aka ce musu aikin Hajji aikin ƙafa ne, kowa ya fara motsa jiki tun yanzu. Magana ce ta gaskiya, sai dai ba a ce ga iri ba. Malam bai taɓa yin wani abu wai shi motsa jiki ba a rayuwarsa, don haka ya nufi wanda duk unguwa ta san ya san harkar, wato Saje Ado, tsohon soja da ke zama a majalisar ƙofar gidanmu. Saje ya ji labarin duwatsu, ya gyara zama ya ce aiki ya zo gidan masu shi. Akwai ganuwar madatsar ruwa a bayan gari, doguwa mai gangara. Can zai riƙa kai Malam a babur kullum bayan sallar asuba, ya hau ya sauko da gudu sau bakwai, sannan ya rufe da tsallen kwaɗo. Da Malam ya ambaci gwiwa, Saje ya yi dariya ya ce a bariki in ƙafa ta yi ciwo ƙara mata ake yi, ciwon alama ce jiki yana karɓa.

Satin farko Malam yana dawowa da ɗingishi da dariya. Ya zauna ya shanye koko kofi biyu yana ba ni labarin yadda ya kai sama ya hango har gonakin ƙauye. Sai Saje ya aiko wai alhaji ba ya tafiya hannu rabbana, akwai jaka akwai gorar ruwa, don haka a samo abu mai nauyi da zai riƙa goyawa. A nan na shigo. Na ɗauko yadin kaki mai kauri na ninka biyu, na ɗinka buhu mai hannaye kamar jakar 'yan makaranta, na bi kowace gaba sau uku don kada ta ɓalle. Na sa aka ɗebo mini yashi, na auna kwano shida da kwanon awon hatsinmu, na zuba na ɗinke baki. Har ɗan aljihu na yi masa na saka carbi. Wallahi alfahari nake yi da buhun nan, duk wadda ta kawo ɗinki sai na nuna mata.

Ƙanwata Rabi, wadda ta taɓa zuwa Umara da mijinta, ta zo ta gan shi jingine da bango ta ce, "Yaya, wannan kuma na mene ne?" Na yi mata bayani. Ta riƙe baki ta ce, "Wane dutse? Ai wurin a shimfiɗe yake kamar falo." Na ce, "Ke da kika je kika kwana goma a otal, ke za ki gaya wa ɗan wanda ya taka da ƙafa yadda Makka take? Tashi ki ba ni wuri." Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Sati na biyu gwiwa ta fara kumbura da yamma, in ka taɓa ta da zafi rau. Da safe sai ya daɗe a bakin gado kafin ya iya takawa. Na aika kemis aka sayo ƙwayar kashe ciwo, na riƙa ba shi biyu da ruwan ɗumi kafin Saje ya yi masa hon. In ya sha sai ciwo ya ɗauke, ya goya buhunsa ya fita yana taƙama. Ni a ganina dabara na yi.

Ranar Laraba ta sati na uku, ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji babur ya tsaya da sallamar Saje a wata irin murya. Mutum uku ne suka shigo da Malam, ƙafarsa ta dama a sanƙare, ba ta miƙe ba ba ta lanƙwashe ba. Wai yana gangarowa zagaye na biyar ya ji abu ya ce ɗas a ciki, ƙafar ta tafi ta bar shi, shi da buhu suka mirgino har ƙasa. Da aka naɗe wandon na ga gwiwar sai na saki rariyar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ta yi suntum kamar ƙwaryar fura, fatar har sheƙi take yi. Malam yana haɗa gumi, amma abin da ya fara ce mini shi ne, "Kada ki ɗaga murya, targaɗe ne."

Daga nan gida ya cika da masu magani. Yayarsa, Yaya Delu, ta zo da wanzami aka yi ƙaho, ya fitar da baƙin jini ya nuna mana a kasko ya ce ga cutar nan ta fito. Ba ta fito ba. Aka kawo mai ɗori ya kama ƙafar ya ja iya ƙarfinsa. Shekara talatin da huɗu ina gidan Malam, na ga sa ya take shi, na ga ya binne 'ya'ya biyu, ban taɓa jin ya yi ihu ba sai ranar. Na toshe kunnuwana na shige ɗaki. Wani ya ce kitsen damo, wani ya ce a binne ƙafar a rairayi mai zafi, wani kawunsa daga wajen Mashi ya ce sakiya ce kawai maganinta, a soka ƙarfe ja a tsiyaye ruwan. Wannan kam na tsaya a bakin ƙofa na ce sai dai a fara soka mini. A abu ɗaya kawai bakinsu ya zo ɗaya: kada ya kuskura ya motsa ƙafar. Muka bi. Kusan sati uku yana kwance, salla a kishingiɗe, komai a ɗaki. Ina gode musu, don babu wanda ya zo da mugun nufi, kuma babu wanda ya zo hannu rabbana. Amma Allah ya gani, sun ci mana kwanaki.

Abin da ya kai mu asibiti ba kumburin ba ne, don ya ɗan sassauta. Wata safiya ce ina canza masa wando na haɗa cinyoyinsa biyu da ido. Ta hagu tana nan yadda na san ta. Ta dama kuwa ta tsotse ta zama kamar ba tasa ba, nama na reto a jikin ƙashi. Na ce, "Malam, ina cinyarka ta tafi?" Ya duba, ya daɗe yana kallo. Shi da kansa ya ce a nemo mota.

Asibiti kuwa, wanda bai yi jinya ba bai san dogon benci ba. Mun isa rana ba ta gama fitowa ba, muka tarar da layin kati har ya lanƙwasa. Ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Ya zuƙe ruwa daga gwiwar da sirinji, ruwa rawaya kamar man gyaɗa, ya rubuta mana mu je Katsina a ɗauki hoto mu ga likitan ƙashi. Can ma kwana biyu muka yi muna sintiri, yau injin ba wuta, gobe likita na tiyata. Ba zan tsaya lissafin abin da ya tafi ba, bijimin da aka ware don walimar dawowarsa dai a nan ya ƙare.

Likitan ƙashin ya ɗaga hoton ya saita shi da taga. Ya ce, "Baba, ga ƙashin sama, ga na ƙasa. Tsakaninsu ya kamata a ga fili, a nan guringuntsi yake zama, shi ne katifar gwiwa. Dubi ta hagu, akwai saura. Dubi ta dama ta ciki." Muka duba. Ƙashi na zaune a kan ƙashi. Ya ce ciwon ya daɗe yana ci a hankali, amma da alama ɗan abin da ya rage ya yage kwanan nan. Ya tambaya ko faɗuwa ya yi.

Malam ya gyara murya, har da ɗan alfahari, ya ba shi labarin ganuwa da zagaye bakwai da tsallen kwaɗo da buhu. Likita ya ajiye biron da ke hannunsa.

"Da buhun yashi? A bayanka? Kana gangarowa da gudu?"

"Kwano shida ne kawai," in ji Malam.

"Ciwon bai hana ka ba?"

A nan na daure na ce, "Likita, ni nake ba shi ƙwaya biyu kafin ya fita. Buhun ma ni na ɗinka."

Ya dube ni, ba da faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Mama, gwiwar tana ta ihu ne a tsaya, kika toshe mata baki." Sannan ya juya ga Malam ya faɗi maganar da har yau take yi mini amo a kai: "Guringuntsi ba ya tofowa, Baba. Wanda ya tafi ya tafi." Duk tsawon makonnin nan ina zaton abu ne da zai warke kamar yankan wuƙa.

Malam ya ce, "To zan yi ɗawafi da ƙafata?"

Likita ya ce, "Ban yi maka alkawari ba. Amma kwanciyar nan da kake yi ita ma cinye ka take. Ka koma gida ka je ɓangaren gashin ƙashi, duk abin da suka ce ka yi shi, kada ka ƙara kada ka rage."

A ɓangaren gashi aka haɗa mu da wani ɗan siririn ma'aikaci mai sanyin murya, Nura. Ya kwantar da Malam a kan gado, ya naɗe tawul ya sa a ƙarƙashin gwiwar, ya ce ya danna tawul ɗin da bayan gwiwa ya ƙirga goma ya saki. Malam ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wannan ne motsa jikin? Ai ko mai jego ta fi ƙarfin wannan." Nura bai yi musu ba. Ya ce, "To Baba, miƙe ƙafar sosai, ka ɗaga mini ita taki ɗaya daga katifa." Malam ya yunƙura. Jijiyar wuyansa ta tashi, ya cije leɓe, cinyar tana rawa kar-kar, diddigen nan ko motsi. Mutumin da ke riƙe bijimi da igiya hannu ɗaya a kara! Ya sake gwadawa, ya kasa. Na juya fuska bango don kada ya ga idona.

Nura ya jawo kujera ya zauna ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce naman cinya shi ke ɗauke wa gwiwa nauyi, in ya yi ƙarfi gwiwa ta huta, in ya narke komai a kanta yake sauka. Don haka cinya za a gina, amma ta hanyar da ba za a daki gwiwar ba. Ya hana tsalle da gudu, ya hana tsuguno har ƙasa, ya hana ɗaukar kaya, ya ce gangara ta fi hawa ɓarna. Wato duk abin da muka shafe sati uku muna yi da asuba, shi ya jero ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya yarda da shi kuwa, danna tawul, ɗaga ƙafa a miƙe daga kwance, tashi da zama daga doguwar kujera, sai tafiya kaɗan a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da takalmi mai taushin ƙasa, sanda a hannun hagu tunda dama ce mai ciwo. Ya ce da akwai tsaftataccen wurin iyo, tafiya cikin ruwa ta fi komai. Na ce ruwan da muka sani dai shi ne na bayan ganuwar nan, kuma ko sunanta ba na son ji. Ya yi murmushi ya ce to keke, in lokaci ya yi.

Na tambaye shi yadda za mu gane in an yi yawa, tunda ni dai na nuna ban san iyaka ba. Ya ce, "Mama, ɗan ciwo lokacin da ake yi ba laifi. Amma ciwon da ya kwana, ko kumburin da aka wayi gari da shi, to an zarce. Washegari a rage. Kuma kada a sha ƙwaya don a samu a yi."

Wahalar da ta biyo baya ba ta ciwo ba ce, ta zuciya ce. Kafinta ya yi mana kujera mai rami aka ɗora a bakin masai. Aka ɗauke tabarmar da Malam ke cin abinci a kai aka kawo tebur. Aka ce a rage tuwo, ni da nake auna soyayya da malmala, sai ga ni ina ba shi ɗaya ina kawar da kai. Wadda ta fi duka ita ce salla a kujera. Sai da limamin unguwa ya zo da kansa ya ce masa addini ya yarda, kuma babu abin da ya ragu daga ladansa. Ranar da ya fara zuwa masallaci da farar kujerar roba, mutumin da sahun gaba ya san shi shekara da shekaru, a ƙarshen sahu ya zauna jikin bango. Ya dawo bai taɓa abincin rana ba.

Kwana goma sha ɗaya muna danna tawul safe da yamma kafin diddigen ya rabu da katifa. Ina shara na ji ya ƙwala mini kira, na shigo a guje ina zaton faɗuwa ya yi. Ashe ƙafa ce a sama, tana rawa amma tana sama. Ya ce, "Ƙirga, Sa'ade, ƙirga!" Na kai huɗu ta faɗi. Wallahi ko ranar da aka biya kujerar ba mu yi murna haka ba.

Da aka zo maganar keke ya ce atafau. Shi dillali guda, da babbar riga, a gan shi a kan keke cikin gari? Kafin la'asar za a ce ya karye. Nura ya ce ba sai ya fita ba. Muka samo tsohon keke, mai walda ya ɗaga ƙafar baya a kan ƙarfe, aka ɗaga sirdin sama sosai don kada gwiwa ta lanƙwashe da yawa, aka kafa shi a gindin darbejiyar tsakar gida. Kullum da hantsi yana kai da rediyonsa, minti biyar, daga baya goma, ni ina gefe ina taka nawa keken. Azumi ya same mu a haka, aka mayar da shi bayan shan ruwa, tumbi ma ya ɗan sauka.

Ba a tafi sumul ba. Wata ranar kasuwa ya ji ƙarfi ya sulale Mai'adua, ya yini a tsaye a kara wai yana gaisawa da mutane. Gari ya waye gwiwa ta koma ƙwarya, aikin sati guda ya zube. Ranar na yi masa tas, shi ma ya san ba shi da gaskiya. Ana cikin haka Saje Ado ya yi sallama ya zo dubiya, karo na farko da ya iya haɗa ido da ni. Ban bari ya gama gaisuwa ba. Na ce, "Saje, tsakaninka da Allah, kai haka kake hawa ganuwar nan da gudu?" Ya sunkuyar da kai. Can ya naɗe ƙafar wandonsa. Oh ni Sa'ade! Gwiwoyinsa biyu a kumbure, a karkace kamar baka. Ya ce rabonsa da ya yi gudu tun kafin ya bar aiki, ciwo bai cika barinsa barci da dare ba. Ashe duk safiyar nan a gindin ganuwa yake zama a kan babur yana ƙirga wa Malam. Shi abin da aka yi masa yana saurayi ya juye wa ɗan shekara sittin, bai taɓa kawowa a ransa cewa shi ne ya gama da tasa ƙafar ba. Sai na haƙura da faɗan da na tanada. Yanzu haka kullum da yamma yana zuwa hawa keken nan.

Saura wata guda a tashi Nura ya ce a fara ɗaura ɗan nauyi a idon sawu in za a ɗaga ƙafa. Na ce kamar yaya? Ya ce yashi cikin gwangwanin madara ɗaya, in ya saba a mayar biyu. Na je bayan ɗakin girki inda na wurgar da buhun nan tun ranar Larabar, na jawo shi. Da ƙyar na iya ɗaga shi da hannu biyu. Wannan na ɗora wa bawan Allah a baya na ce ya gangara da gudu! Na sa reza na farke ɗinkin nan mai bi uku, na yanki ƙyalle kamar tafin hannu na yi 'yar jaka, na zuba gwangwani ɗaya. Sauran yashin na zubar a tsakar gida, ya yi tsibi. A gindinsa na zauna na yi kukan da ban samu na yi ba tun farkon ciwon.

Kafin tafiya Malam yana iya zuwa daga ƙofar gida har bakin kasuwa ya dawo, da sandarsa, ya huta sau ɗaya a hanya, kuma ciwon ba ya kwana. Nura, Allah ya saka masa da alheri shi da iyayensa, ya ce ya yi ɗawafinsa ta gefe inda babu turereniya, ya huta in ya gaji, in gwiwa ta yi magana kuma ya saurare ta, don akwai Arfa da jifa a gaba. Malam ya ce to. Ni dai na san akwai rantsuwa a ƙasa.

Kwana uku da saukarsu Makka, da hantsi, ina kan keken ɗinki waya ta yi ƙara. Ya ce, "Sa'ade, na yi ɗawafi. Bakwai cif, da ƙafata." Na miƙe tsaye ina hamdala, zan yi guɗa ya ce, "Tsaya." Ya ce yana idarwa gwiwa ta ɗau zafi ta fara cika. Ya tsaya ya daɗe yana shawara da zuciyarsa, sannan ya ɗaga hannu ya kira mai turin keke. A zaune ya yi Safa da Marwa.

Na ce, "Ba komai Malam, Allah ya karɓa. Ai dutse ba wasa ba ne."

Ya ce, "Sa'ade, babu dutsen."

"Kamar yaya babu?"

"Daɓe ne sumul, a cikin gini, ga inuwa ga sanyi. Ɗan tudun da ke ƙarshe bai fi hawan zaurenmu ba. Dutsen yana gefe an killace shi, kallonsa kawai ake yi. Na ga tsofaffin da suka girme ni suna tafiya abinsu suna addu'a." Muryarsa ta karye. "Da gwiwata ta da, wadda kike shafa wa man kaɗe, da na yi shi ban ko ji ba."

Rabi ce kawai ta faɗo mini a rai, da mayafinta a hannu.

Ya ce, "Rantsuwata ta karye. Ki auna gero na mutum goma ki bayar kafin in dawo."

Ya dawo lafiya, ana ce masa Alhaji, yana zuwa kara rabin yini, yana hawa kekensa. Goshinsa dai bai taɓa ƙasa a Makka ba, kuma har yau da farar kujerarsa yake zuwa masallaci. Ranar da muka yi wayar, ina ajiye ta na shiga ɗakin hatsi na kwance bakin buhun gero, na miƙa hannu na ɗauko kwanon awo. Sai da na cika shi na farko sannan na lura, kwanon da na auna yashin da shi ne.